Jitar Kakana da Farashin da Na Gani a Waya

 Shugaban kulob ɗinmu na 'yan jarida ya ce a wannan makon kowa ya rubuta wani abu da ya faru da shi har ya koyi darasi. Na daɗe ina jujjuya maganar a raina, domin labarin da zan ba ku akwai abin kunyata a ciki. Amma tunda bakina ne ya ɗaura, gara alƙalamina ya kwance.

Kakana na wajen uba, wanda muke kira Alhaji, ya rasu bara bayan an gama girbin gero, a Toranke ta ƙaramar hukumar Ajingi. Mu jikokinsa mun tashi mun san shi manomi ne mai kiwon tumaki, wanda ba ya rasa sahun farko a masallaci. Bayan sadakar arba'in aka taru domin a ƙidaya abin da ya bari: gida, gonaki biyu, tumaki, buhunan hatsi, keke da tsohuwar rediyo. Ni aka sa in shiga ƙarƙashin gadonsa na ƙarfe in jawo abin da ke can. Bayan na fito da buhun takardu da wata tsohuwar fitila, sai hannuna ya taɓa wani baƙin akwati mai tsawo, ya fi mita ɗaya, gara ta cinye masa kusurwa guda.

Da aka buɗe, sai ga jita ja, mai nauyi, da tsirkiya huɗu masu kauri kamar wayar birkin keke. A kanta an rubuta Fender da farin fenti. Ɗakin ya yi tsit. Kakata, wadda muke kira Iya, ta leƙo ta ce, "Ta Alhaji ce, tun yana Kano," ta koma ɗakinta. Babana ya rufe akwatin da sauri, ya ce shi zai tafi da shi ya ajiye, ba sai an fita da shi tsakar gida ba. Na gane daga baya cewa kunya ce ta kama shi, ba ya son mutanen gari su ji cewa mahaifinsa ya taɓa kiɗa. Kun dai san yadda ake kallon makaɗi a wajenmu. Ana son kiɗansa ranar biki, amma ba kowa ke son a ce daga gidansu ya fito ba.

Da na yi shiru, da maganar ta mutu a nan. Sai na ari wayar ɗan baffana, na rubuta sunan nan a intanet. Hotuna suka fito, ga jitoci masu kama da tamu sak, a ƙarƙashin kowace an rubuta dubban daloli. Na buga lissafi da canjin ranar, na ga kuɗin sun fi na gonakin nan biyu a haɗe. Ban tambayi kowa ba, ban karanta bayanin da ke ƙasan hotunan ba. Na fito tsakar gida da gudu ina cewa, "Wallahi jitar nan ta miliyoyi ce!"

Maganar da na yi cikin daƙiƙa biyar ta ci wa gidanmu wata uku. Baffana ya tuna cewa Baba ne ya fara cewa zai tafi da akwatin, sai ya ce, "Ashe shi ya sa, Yaya." Baba ya rantse bai san komai ba, Baffa ya ce ai ɗanka ne ya faɗa. Goggonnina biyu suka rabu, ɗaya nan ɗaya can. Malamin da aka kira domin rabon gado ya ce shi ba zai sa kayan kiɗa cikin lissafinsa ba, magada su je su sasanta a tsakaninsu, kuma ba zai raba gona ga mutanen da ba sa ga-maciji da juna ba. Aka mayar da akwatin ɗakin Iya, aka sa masa kwaɗo biyu, Baba ya riƙe mukulli ɗaya, Baffa ya riƙe ɗaya. Hunturu ya wuce, maƙwabta suna ta kai taki gona, namu gonakin kuwa ba wanda ya san ina ne nasa. Mutum biyu da suka sha nono ɗaya suka koma gaisuwar "ina kwana" kawai, ita ma a tsaitsaye.

Da muka dawo makaranta na kasa karatu. Malaminmu na Fizik ya lura, ya kira ni bayan an tashi, na kwashe labarin na faɗa masa. Na ɗauka zai yi mini faɗa, sai ya yi dariya ya ce, "Kai ɗan Gaya ne kuwa? Ba ka ji tarihin da ake bayarwa ba, cewa maƙeran Gaya ne suka je dutsen Dala neman tama, har zuriyarsu ake kira Abagayawa? Maƙeri ba ya sayen tama don launinta, sai ya ɗaga ya ji nauyi, ya fasa ya ga ciki." Daga nan ya ce tsohon kaya kowane iri ne, ko keke ko agogo ko jita, tambaya huɗu ake yi masa kafin a yi maganar kuɗi. Wa ya ƙera shi? Yaushe? A wane hali yake yanzu? Sannan wa zai saya? Ya ce ni na tsallake duka huɗun na faɗa kan farashi.

Muka zauna a ofishinsa muka yi karatun da ya kamata in yi tun farko. Irin wannan jita sunanta bes, ita ce mai kaurin murya da ke riƙe ƙasan kiɗa. Wani Ba'amurke mai gyaran rediyo, Leo Fender, shi ya fito da samfurin da ya yi suna a 1951, a garin Fullerton na jihar Kalifoniya, ya sa masa suna Precision Bass. A 1960 kamfaninsa ya ƙara fito da wani samfurin mai suna Jazz Bass. A 1965 ya sayar da kamfanin ga CBS, kuma masu tara tsofaffin jitoci sun fi daraja waɗanda aka yi kafin wannan cinikin. Yawancin hotunan da na gani masu dubban daloli irin waɗannan ne. Muka kuma karanta cewa a shekarun 1970 masana'antun Japan sun yi ta ƙera jitoci masu kama da na Fender, suna sa musu sunaye irin su Greco da Aria da Ibanez, ana kai su ƙasashe da yawa a kan farashi mai sauƙi. Shi kamfanin Fender bai fara ƙera nasa a Japan ba sai 1982. Malam ya ce in riƙe wannan shekarar da kyau.

Tambaya ta biyu, wato yaushe, ba a intanet amsarta take ba. Malam ya ce in je in tambayi wanda ya ga ranar da jitar ta shigo gida. Abin mamaki, duk rigimar nan da aka yi, ba wanda ya zauna ya tambayi Iya. Ranar Asabar na hau mota zuwa Toranke, na same ta tana tankaɗe, na durƙusa na ce, "Iya, don Allah ki ba ni labarin jitar nan."

Ta daɗe ba ta ce komai ba, sannan ta fara. Ta ce lokacin tana amarya suna zaune a Fagge, Alhaji yana masinja a wata ma'aikatar gwamnati. Da dare yakan tsallaka Sabon Gari, inda wasu abokansa suke da ƙungiyar kiɗa a wani otal, har suka koya masa. Shekarar da aka biya ma'aikata kuɗin Udoji, kowa ya sayi abin da ransa ke so, wani babur, wani rediyo, wani ya ƙara aure. Shi kuwa ya shigo da wannan akwati, sabo fil a leda. Ta ce kwana biyu ba ta yi masa magana ba. Amma daga baya, duk ƙarshen wata abin da yake samu a kiɗan dare yakan kai rabin albashinsa, kuma da shi aka sayi gonar da ke bakin hanya, wadda yanzu ake rigima a kanta. Da mahaifinsa ya tsufa aka kira shi gida, ya tura akwatin ƙarƙashin gado, bai sake buɗewa a gaban kowa ba.

Na tambaye ta rubutun da ke kan jitar. Ta yi dariya har da tafa hannu. Ta ce ai da wani suna ne daban a wurin, shugaban ƙungiyarsu ne ya ce sunan ba ya cika ido, aka kai wa wani mai rubutun jikin manyan motoci, ya kankare ya rubuta wannan. Ja ɗin ma ba launinta na asali ba ne, fentin mota ne aka fesa mata.

A nan gabana ya faɗi. Kuɗin Udoji a farkon 1975 aka biya su, bayan rahoton kwamitin Jerome Udoji na 1974. Jitar da aka saya sabuwa a 1975 ba za ta zama ta kafin 1965 ba. Sunan da na dogara da shi kuwa, mai rubutun mota ne ya zana shi.

Na faɗa wa Baba, ya ce ai Baffanka ba zai yarda da maganar da ta fito daga gidanmu ba. Gaskiyarsa. Don haka Malam ya ba da shawara a kai jitar wurin masu sana'ar, kuma Baffa da kansa ya je ya ji da kunnensa, tunda gani ya kori ji. Baba ya ba ni mukullinsa. Ni da Baffa muka ɗauki akwatin muka hau mota, muka bi ta Gaya, muka tsallaka gadar Wudil, muka sauka a Unguwa Uku, daga nan muka hau a-daidaita-sahu zuwa Sabon Gari. Duk tafiyar nan akwatin yana kan cinyar Baffa, bai yarda an sa shi a but ba.

Muka sami wani dattijo mai gyaran kayan kiɗa, wanda yawancin masu kawo masa aiki makaɗan coci ne. Hausarsa ta fi tawa. Bai kalli rubutun ba ma. Ya juya jitar ya duba bayanta, inda wani farantin ƙarfe mai noti huɗu ya haɗe wuya da gangar jiki. Ya goge tsatsar da tsumma, ya miƙa wa Baffa ya ce, "Alhaji, sa yaron ya karanta maka." Na karanta: Made in Japan. Ya ce ta Fender ta wancan lokaci, a wannan farantin za ka ga babban harafin F da lambar kamfani. Ya ɗauko sukundireba ya kwance notin huɗu, ya zare wuyan. Ya ce kamfanin Fender yakan buga ko ya rubuta kwanan wata a gindin wuya, nan kuwa babu komai. Ya nuna mana cikin ramin da wuyan ke zama, inda fenti bai shiga ba. Katakon falle-falle ne da aka manne, irin wanda kafintoci ke kira filawud. Ya ce ta ainihi da gundumen katako ake yin ta.

Baffa ya ce, "To, ko ta Japan ɗin ce, ai tsohuwa ce, shekara kusan hamsin." Dattijon ya ce, "Tsufa kaɗai ba ya sa kuɗi, Alhaji. Da haka ne da ni ma na yi tsada." Daga nan ya mayar da wuyan ya shiga duba lafiyarta, yana yi yana yi mini bayani, ganin ina rubutawa.

Da farko ya ɗaga ta ya saita idonsa daga kai zuwa gindi, kamar mai duba miƙewar sanda. Ya danna tsirkiya ɗaya a farkon wuya da ƙarshensa, ya nuna mini tazarar da ke tsakiya. Ya ce bai kamata ta wuce kaurin katin waya ba, tamu kuwa ta ninka haka sau da yawa. Dalili shi ne an ajiye ta shekaru da tsirkiyoyi a ɗaure, suna jan wuyan har ya lanƙwashe kamar baka. A cikin wuyan akwai sandar ƙarfe da ake murɗawa a miƙar da shi. Ya sa mabuɗi ya gwada a hankali, ta motsa. Ya ce mun yi sa'a, domin da ta ƙi motsi ko ta karye, da jitar ta zama kayan ado kawai.

Sai ya sa na shafa gefen wuyan. Ƙananan ƙarafan da aka gicciya a kansa suka karce mini yatsa. Ya ce aikin hunturu ne, katako ya bushe ya tsuke, ƙarfe kuwa bai tsuke ba, shi ya sa bakinsu ya fito. Ya ƙirga kunnuwan da ake ɗaure tsirkiya da su, uku na asali, ɗaya baƙo. Jakin da tsirkiyoyi ke hawa ya yi tsatsa amma bai ruɓe ba. Gara ta tsaya a akwati, ba ta kai ga jitar ba. Game da fentin motar kuwa, ya ce masu sayen tsohon kaya sun fi son fentin asali ko da ya koɗe ya kakkarce, sabon fenti rage daraja yake yi.

Saura lantarki. A ƙarƙashin tsirkiyoyi akwai wani baƙin abu da suke kira fikof, maganaɗisu ne da aka naɗe da siririyar wayar tagulla. Ya ɗora masa mita, allura ta motsa, ya ce wayar ba ta tsinke ba. Nan na tuna darasin da Malam ya yi mana a kan Michael Faraday da abin da ya gano a 1831: idan ƙarfin maganaɗisu ya canja a kusa da naɗaɗɗiyar waya, lantarki yakan samu a cikinta. Tsirkiyar ƙarfe tana karkarwa a kan maganaɗisu, lantarki kaɗan ya samu, amsa-kuwwa ta ƙara masa ƙarfi. Abin da na haddace don jarrabawa, ga shi a hannun kakana tun kafin a haifi babana.

Dattijon ya narka dalma ya liƙe wata waya da ta saki, ya ɗaure tsirkiyoyin, ya jona. Da ya taɓa mafi kaurin cikinsu, ban ji sautin a kunne ba kamar yadda na ji shi a ƙirji. Malam ya gaya mini daga baya cewa wannan tsirkiya tana karkarwa kusan sau 41 a daƙiƙa ɗaya. Dattijon ya ɗan kaɗa na minti guda, sannan ya tsaya ya nuna mana wani wuri a saman fikof, inda fenti ya cinye har katako ya yi ɗan rami mai santsi. Ya ce, "Nan yake ɗora babban yatsansa. Mai wannan jita ya yi aiki da ita ƙwarai." Baffa ya sa nasa yatsan a ramin. Ya daɗe bai cire ba, kuma bai kalli kowa ba.

Da aka zo tambaya ta huɗu, dattijon bai ɓoye mana komai ba. Ya ce a Kano masu neman bes ba su da yawa. Ɗakunan haɗa waƙoƙin fim da fiyano suke aiki, ita ke yi musu muryar ganga da ta bes gaba ɗaya. Makaɗan coci kuwa sun fi son sabuwa 'yar China mai tsirkiya biyar. Ya ce a yadda take zai iya ba da naira dubu sittin, in an kashe mata kamar dubu talatin a gyara, wataƙila a sami mai ba da dubu ɗari da ashirin, shi ma sai an jira. Wato dai kuɗin tunkiya guda. Muka biya shi ladan dubawa, muka yi godiya.

A hanyar dawowa Baffa bai yi magana ba sai da muka wuce Wudil. Ya ce, "Gonar bakin hanya, da wannan aka saye ta?" Na ce haka Iya ta ce. Ya gyaɗa kai. Da muka isa bai wuce gidansa ba, ya ce in kira masa Baba. A gaban Iya da goggonnina na durƙusa na ce ni na jawo duk wannan, na faɗi abin da ban tabbatar ba, a yafe mini. Baffa ya ce, "Yaro ya faɗa, amma mu manya muka ɗauka. Yaya, ka yafe mini zargin da na yi maka." Baba ya ce shi ma da bai yi saurin rufe akwatin ba, da ba a kai ga haka ba. Iya ta ce ita dai a cire mata kwaɗon nan daga ɗaki, sun ishe ta.

Sati biyu bayan haka malam ya zo ya raba gado, aka fitar wa Iya tumuninta, kowa ya san gonarsa, aka samu aka kai taki kafin ruwan farko. Jitar kuwa magada suka haɗu suka bar wa Iya. Mun sassauta mata tsirkiyoyi kamar yadda dattijon ya ce, mun ɗaga akwatin daga ƙasa saboda gara. Baba har yanzu ba ya son a yi zancen a waje, amma da na nemi izininsa kafin in rubuta wannan, ya ce in rubuta, in dai zan faɗi cewa da guminsa Alhaji ya ci. To, na faɗa.

'Yan uwana 'yan kulob, mu da muke koyon aikin jarida, mu ne muka fi kowa bukatar tambayoyin nan na Malam. Na ga suna a jikin abu, na ga hoto a waya, na haɗa biyun na yi shela, alhali wadda ta san gaskiyar tana zaune a ɗakin da ke kusa, ba wanda ya tambaye ta. Kafin mu liƙa labari a wannan allo, ko mu tura shi a WhatsApp, mu juya bayansa mu duba farantin, sannan mu nemi wanda abin ya faru a gabansa.

Malaminmu na Fizik ya roƙi Iya aron jitar na kwana ɗaya a zango mai zuwa, lokacin da 'yan SS3 za su yi darasin maganaɗisu da lantarki, kuma ta amince, da sharaɗin ni zan kawo ta in mayar da ita kafin magariba. Duk mai son ganin ramin yatsan nan sai ya zo ranar.

Allah Ya jiƙan Alhaji da dukkan magabatanmu, Ya bar zumunci a gidajenmu. Amin.

Daga ɗan'uwanku na aji SS2.